Wutar tamu ce, hayaƙin fa na wa?

Duk wanda ya bi ta lungunan Sabo bayan sallar Asuba a 'yan shekarun nan, hancinsa ya riga ya gaya masa cewa itace ya dawo. Gidajen da a da sai dai ka ji hucin gas, yanzu ga duwatsu uku a tsakar gida, ga tukunya ta yi baƙi ƙirin. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira makonni kaɗan bayan haka, komai ya hau. Kananzir ya daɗe da haura naira 1,000 a lita, risho ya koma ƙarƙashin gado. Tukunyar gas mai kilo 12.5 kuwa, a gidaje da yawa ta zama ta ruwan shayi da ɗumamen safe, ana lallaɓa ta kamar jaririya. Wake, ganda, tuwon taron suna, duk sun koma murhu.

Ba mu zo yi wa kowa gori ba, don mu ma da muke wannan rubutu rigunanmu warin hayaƙi suke yi. Abin da ya sa muka ɗauko maganar, wata rigima ce da aka yi a wani gidan haya a daminar da ta wuce, wadda sai da dattawa suka sa baki.

Gidan irin wanda kuka sani ne: ɗakuna a jere suna kallon juna, tsakar gida ɗaya, kowa da murhunsa a ƙofar ɗakinsa. Wani magidanci ya samo itace mai sauƙin kuɗi, aka sauke masa da almuru. Icen ɗanye ne shar, ko ɓawo bai saki ba, ga shi gungume-gungume ba a faskara ba. Da safe ya fita kasuwa. Uwargida ta tsugunna ta yi ta hurawa, abu ya ƙi. Ta cusa leda, ta ƙara da guntun silifa, ta yi ta fifita. Hayaƙi ya turnuƙe gidan, iska ta kwashe shi ta zuba a tagar maƙwabciyarta, wadda ɗanta ke fama da asma. Kafin azahar an goya yaro an nufi asibiti.

Da uwar yaron ta dawo, ta ce, "Haba Yaya, ke ma fa uwa ce. Ba ki ga halin da yaron nan yake ciki ba?" Ita kuwa ta nuna jajayen idanunta ta ce, "Ni ma dubi nawa idon. Abin da Malam ya kawo ke nan. In bar yara da yunwa?" Da daddare magana ta kai ga maza. Mai itacen ya ce, "Da kuɗina na saya, a ƙofar ɗakina aka hura. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya cika mana gas."

Mun daɗe muna juya wannan amsa. Mutumin ba mugu ba ne, kuma a maganarsa akwai hujja biyu da yawancinmu za mu kawo in mu aka tsare. Ta farko, abu nawa ne. Ta biyu, dole ce ta sa. Tambayar da muke so mu yi wa kanmu ita ce: waɗannan biyun sun isa su wanke mutum daga haƙƙin wanda hayaƙinsa ya cutar?

Mu fara da ta farko. Gaskiya ne itacen nasa ne, wutar tasa ce, tuwon ma shi da iyalinsa za su ci. Amma murhu abu biyu yake fitarwa, zafi da hayaƙi. Zafin mun san inda muke kai shi, gindin tukunyarmu. Hayaƙin kuwa ba mu taɓa jin wanda ya ce nasa ne ba. Da ya tashi sai mu kau da kai, ya je ya sauka a shanyar wani, a ɗakin wani, a ƙirjin ɗan wani. A garuruwan da kakanninmu suka fito abin bai cika zama magana ba. Gida mai faɗi ne, madafa tana can ƙurya, iska na shiga ta ko'ina, ga rani mai tsawo da ke busar da ice tun kafin a kawo shi gida. Muka ɗauko wannan ɗabi'a muka kawo ta unguwar da aka yanka mana tun 1916, wadda jama'a suka yi ta ƙaruwa a cikinta fili bai ƙaru ba, a garin da ruwa ke sauka tun Maris ko Afrilu har zuwa Oktoba. A nan Ibadan bango ɗaya ne tsakanin murhunka da gadon maƙwabcinka. Don haka "a ƙofar ɗakina aka hura" ba ta da nauyin da take da shi a can gida.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ba za mu raina ta ba. Ba mai hankalin da zai ce wa talaka kada ya dafa abinci. Itace ma ba abin kunya ba ne. Tun muna makarantar allo muka ji hadisin nan da ya fifita mai ɗaukar igiya ya yo itace ya sayar a kan mai bara. Sai dai malaman fiƙihu da suka yi sassauci saboda larura sun haɗa sassaucin da ƙa'idoji biyu. Ɗaya, ana auna larura daidai gwargwadonta. Ɗaya kuma, matsuwar mutum ba ta share haƙƙin waninsa. Wanda yunwa ta kusa kashewa ya ci abincin wani, ba a kiransa ɓarawo, amma in yana da halin biya sai ya biya. To, in haka ne, sai mu tambaya: a cikin hayaƙin da ya cika gidan nan, wanne ne na dole, wanne ne na sakaci? Amsar tana jikin itacen kansa.

Icen da aka sare yau, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Kafin ya ci da kyau sai ruwan ya ragu zuwa kamar kashi 20 cikin 100 ko ƙasa da haka. In ka sa shi a wuta yana ɗanye, wutar sai ta fara da tafasa wannan ruwan tukuna. Shi ne kukan nan da muke ji yana "tsiii", da kumfar da ke fitowa ta bakin icen. Zafin da ya kamata ya tafi tukunya yana ƙarewa wajen korar ruwa, wutar ta yi sanyi, abin da ya kamata ya ƙone ƙurmus ya tashi bai gama ƙonewa ba. Wannan da bai gama ƙonewa ba shi ne hayaƙi, shi ne kunkunniyar da ke liƙe a rufin kicin. Hayaƙi mai kauri, a taƙaice, itacen da ka biya ne yake tashi sama bai yi maka aiki ba.

Ruwan nan kam dole ya fita. Ko dai rana da iska su fitar da shi a hankali, kyauta, cikin makonni ko watanni, ko wuta ta fitar da shi da ƙarfi a fuskar mai girki. Magidancin da ya ƙi faskarawa, ya ƙi shanyawa, gani yake ya huta. Amma aikin bai ɓace ba, wuri ya canza. Ya bar kafaɗarsa ya koma idon matarsa da huhun ɗan maƙwabci. Arhar da ya yi murna da ita kuwa, rabinta ruwa ya saya.

A nan ne muke ganin zuciyar maganar. A harkar itace, wanda ke yanke shawara daban, wanda ke shan wahala daban. Mu maza mu ke saye, mu ke zaɓar mai arha, sannan mu sa hula mu fita. Wadda za ta tsugunna awa biyu a gaban murhu, sau da yawa da goyo a bayanta, ba a tambaye ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓacewar iskar cikin gida, wadda mafi yawanta daga makamashin girki take, ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2, kuma mata da ƙananan yara su suka fi shaƙa don su ke kusa da wuta. Ciwon huhun yara, tarin da ba ya warkewa, ciwon zuciya, yanar ido, duk suna cikin abin da likitoci ke dangantawa da shi. Mu kuwa abin ya zame mana jiki har muna tsokanar amarya da cewa ba ta iya hura wuta ba. Tsohuwar da ke tari kullum da asuba mukan ce tsufa ne. Wataƙila tsufan ne, wataƙila kuma ɗanyen icen shekara 40 ne.

In mun yarda da wannan, to ayyukan nan uku da muke ɗauka ƙanana, faskare da jeri da hurawa, sun tashi daga aikin gida kawai sun zama hanyar sauke haƙƙi. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Faskare shi ne farko, don ɓawon ice rufi ne da ke riƙe ruwa. Gungumen da ba a tsaga ba ta bakinsa biyu kawai yake bushewa, yana iya shafe damina cikinsa na jiƙe. Da an faskara shi, rana da iska sun sami ƙofa. Masu faskaren nan da ke yawo da gatari a kafaɗa, yawancinsu 'yan'uwanmu ne 'yan ci-rani, duk wanda ya tsaya ya kalle su zai ga ba ƙarfi kaɗai ba ne. Mutum yakan juya gungumen ya karanta shi, ya nemo tsagar da ta fara buɗewa a baki, ya bi ta, ya kauce wa gaɓa inda reshe ya fito don nan ne gatari ke maƙalewa ko ya dawo. Yakan ɗora a kan kututture don kada bakin gatari ya ci ƙasa ko dutse, ya duba ƙota ko ta yi sako-sako, ya kori yara gefe kafin ya ɗaga hannu. Yawancin itatuwa sun fi saurin tsagewa tun suna da danshi, don haka ranar da aka sauke ice ita ce ranar faskare. Kuma in mun kira mai faskare, shi ma yana da haƙƙi a kanmu. Mukan yi ciniki da shi kamar za mu sayi gida, mu rage masa kuɗin da ba ya sayen ko kwanon abinci, alhali zufarsa ce za ta hana matanmu hawaye. Wanda ba shi da kuɗin kira kuwa, yana da kafaɗa, yana da samari a gida da ke zaune da waya a hannu. Ba mu san lokacin da riƙe gatari ya zama abin kunya ga ɗan birni ba.

Na biyu jeri. Abin da ya yi a Katsina ko Sakkwato ba lalle ya yi a nan ba. A can ka jingina dami a bango a watan Maris, kwana kaɗan ya bushe ƙayau. A nan ƙasa kanta tana da danshi, iska ma haka. Icen da aka zube a ƙasa yana tsotsar ruwa ta ƙasa, gara ta hau shi, kunama ta sami ɗaki, wani lokaci har maciji. Sai an ɗaga shi a kan duwatsu ko bulo, a bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninsa da bango, a jera shi da 'yan ƙofofi yadda iska za ta ratsa, a ɗora tsohon kwano a sama a danne da dutse, gefe kuma a bar shi a buɗe. Masu naɗe itace ruf da tamfal ko leda suna ganin gata suka yi masa, alhali gumi yake yi a ciki har ya yi funfuna. A riƙa ɗiba daga tsohon jeri, sabo ya jira lokacinsa. Busasshe ba ya ɓoyuwa: bakinsa ya tsattsage, ya yi sauƙi a hannu, in ka buga biyu ka ji ƙara ƙwal-ƙwal, ɗanye kuwa sai dai ka ji dif.

Jeri ma yana da nasa haƙƙin. A ina ka jera? Mun ga wanda ya tare rabin lungu da itacensa, har makara ba ta iya wucewa sai an karkata. Mun ga jeri a ƙarƙashin mitar wuta, mun ga jeri kusa da janareto da jarkar fetur. A unguwar da rufi ke taɓa rufi, inda motar kashe gobara ba ta iya shiga yawancin lunguna, tarin itace a inda bai dace ba caca ce da dukiyar mutum 50, ba da taka kaɗai ba.

Na uku hurawa. Murhun duwatsu uku, in a fili yake iska na kaɗawa, abin da ke isa tukunya daga zafin wutar bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Ko zagaye shi da laka ko bulo aka yi, aka bar ƙofa ɗaya, an rage asara. A fara da ƙirare da 'yan siraran faskare, a bar wa wuta wurin numfashi, kada a cusa mata ice har ta shaƙe. A jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya, in an sauke a janye bakin wuta a kashe a ajiye na gobe. Sai abu ɗaya da muke roƙo da babbar murya: leda da roba da tsohon silifa da katakon da aka yi wa fenti ko magani su bar murhunmu. Wannan hayaƙin guba ne, kuma babu wata larura a cikinsa, gaggawa ce kawai. Haka nan shigar da garwashi ko kurfoti ɗaki a rufe ƙofa saboda sanyi: iskar da ke fita daga gare shi ba ta da wari ba ta da launi, barci kawai take ƙara wa mutum har ya wuce.

Mun san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiya: "Malam, kuna maganar jeri da shanya. Ni kashi ɗaya nake saya kullum, na yau daban na gobe daban. Kuɗin tarawa ina? Wurin ajiyewa ina? Ɗakin da muke ciki mu bakwai?" Wannan ba uzurin banza ba ne. Shanya ice tana buƙatar abu biyu da talauci ke fara ƙwacewa, wuri da jira. Mai saye kullum abin da aka miƙo masa shi zai ƙona. Idan muka ɗora masa laifin duka mun zalunce shi.

Amma haƙƙin bai mutu ba don ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Yana hawa ne kan wanda ke da iko. Yana kan mai sayarwa, wanda ya san abin da ke cikin daminsa. Ɗaure busasshe a waje a cusa ɗanye a tsakiya algus ne, daidai da zuba wa madara ruwa, ko da kowa a kasuwa yana yi. In ɗanye gare ka, ka faɗa, ka rage kuɗi, mai wurin shanya ya saya. Yana kan masu gidajen haya, waɗanda ke karɓar kuɗi duk shekara amma ba su taɓa tunanin kafa 'yar rumfar kwano a ƙuryar gida ba, inda za a jera itace a kuma yi girki nesa da tagogi. Yana kan manyan masu ƙonawa, masu gidan burodi da masu tuwon sayarwa da masu suya, waɗanda ke sauke ice mota-mota, suna da halin su saya tun da rani. Yana kuma kanmu a haɗe. Matanmu sun iya adashe na kayan ɗaki da na Sallah. Me zai hana gida mai ɗaki takwas ya yi karo-karo a sauke mota guda da hunturu, a kira mai faskare yini ɗaya, a jera wuri ɗaya, kowa ya san rabonsa?

Za a ce ai sai an yi sata, sai an yi rigima a kan wa ya ɗebi na wa. To, mu tuna da me aka gina unguwar nan. Wani mai bincike daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 a kan yadda fataucin shanu da goro yake tafiya a hannun iyayenmu. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne bashi da amana: falke ya kawo shanu daga Arewa, maigidansa na nan ya tsaya masa, a ba mahauta Yarbawa bashi, ba takarda ba kotu, kuɗi kuma ya fito. Jikokin mutanen da suka riƙe amanar garken shanu, a ce sun kasa riƙe amanar damin itace? In har hakan ta tabbata, to matsalarmu ta wuce ta murhu.

Kada kuma mu manta da ɗaya ɓangaren. Maƙwabci ma ana binsa haƙuri. Ko busasshen marke ne, sai ya yi hayaƙi kafin ya kama. Wanda Allah ya hore wa gas bai kamata ya riƙa toshe hanci yana tsaki duk lokacin da na kusa da shi ya hura wuta ba, don shi ma ƙarar janaretonsa wani ke kwana da ita. Zama wuri ɗaya ba ya yiwuwa sai kowa ya haɗiye wani abu. Iyakar da muke gani ita ce: abin da ba makawa sai an yi shi, a yi haƙuri da shi, abin da gatari da kwano da ɗan jira za su iya kawarwa, ba a neman wani ya yi haƙuri da shi, kawar da shi ake yi.

Saura mutum ɗaya da shi ma ba a tambaye shi ba, wato mai bishiyar. Icen da ke shigowa unguwar nan ba a gonarmu ya tsiro ba. Daga ƙauyukan masu masaukinmu yake zuwa: tsohon mangwaro, kashu, malaina, ragowar sharar gona. Gawayi kuwa da yawansa daga yankin Oke-Ogun ne, wajen su Saki da Iseyin, inda ake sare itatuwa masu ƙarfi irin marke, wanda Yarbawa ke kira ayin, har da kaɗanyar da mata ke samun man kaɗe daga gare ta. Manyanmu sun ga abin da matsi ke iya yi a cikin garin nan. Dajin Agala da ke kan tudu kusa da hasumiyar Bower ta Oke-Are, a shekarun 1990, lokacin da kananzir ya yi wuya har aka koma murhun garin katako da ake kira da sunan Abacha, mutanen gari suka far masa da gatari da adda. Kowa da larurarsa ya je, kowa dami ɗaya ya ɗauka, tudu ya wayi gari tsirara. Ba za ka iya nuna mutum ɗaya ka ce shi ya cinye dajin ba, kuma dajin ya tafi.

Mu mun fito daga inda aka san ƙarshen wannan hanya. Da yawanmu abin da ya kawo mu Kurmi ke nan, gona ta gaji, daji ya ja baya, mata na tafiyar rabin yini neman ƙirare. Akan ce baƙo raɓa ne, amma mu raɓar da ta haura shekara 100 ce, a nan aka binne kakanninmu, a nan 'ya'yanmu za su tsufa. Ba mu da gonakin da za mu ce za mu mayar da daji. Abin da ke hannunmu shi ne kada mu ƙona biyu inda ɗaya zai isa. Busasshen ice a murhu mai kariya yana dafa tukunyar da ɗanye zai ci ninkinsa kafin ya dafa. Aikin da ke kare idon uwargida da ƙirjin ɗan maƙwabci, shi ne dai ke rage bishiyar da za a sare. Wanda kuma ke da ɗan fili a ƙofar gida, ko masallacin da ke da harabar da ba a shafe da siminti ba, dashen darbejiya ɗaya ba zai gagara ba.

Mu koma gidan da muka fara da shi. Dattawa ba su hana kowa hura wuta ba, ba su kuma ce wani ya cika wa wani gas ba. Sun ce a ɗauke murhun daga ƙarƙashin tagar a kai shi ƙuryar da iska ke fita, leda kuma kada a sake ganinta a wuta. Wani tsoho ya dubi mai itacen ya ce, "Ɗana, icen nan naka ba mugu ba ne, lokacinsa ne bai yi ba. Ka ba shi wata biyu." Washegari da la'asar aka ga mutumin ya tuɓe riga yana faskare a ƙofar gida. Gatarin kuwa na uban yaron nan ne, shi ya ara masa. Kafin icen ya bushe, matan gidan suka riƙa sammata busasshe, ita ma da nata ya yi ta mayar.

Yanzu ga hunturu ya shigo, kuma kun san na garin nan ba ya daɗewa. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne kaɗai iska ke yi mana aikin shanya a kyauta. Wanda zai ƙona itace a watan Yuni, yanzu ne lokacin saukewa da faskarawa da jerawa. Kafin ka biya mai itace, ɗauki guda biyu ka buga su ka saurara. In ka dawo gida da daddare kuma, kafin ka tambayi abin da aka dafa, dubi idon wadda ta dafa.

Allah ya sa mu gama da maƙwabtanmu lafiya.